Tayoyin da Babana Ya Sa da Hannunsa

Doña Nubia, ki taimake ni da shawara, kwana tara ke nan zuciyata ba ta zauna ba.

Ni malama ce a wata 'yar makaranta can saman tsauni, bayan garin Pitalito, cikin gonakin kofi. Kullum da babur nake hawa, na marigayi babana ne. Mai faci ne shi, shekara talatin yana wannan sana'a. Wata biyu kafin ya rasu ya sa wa babur ɗin sababbin tayoyi da hannunsa, daga nan aka kulle babur ɗin a ɗaki shekara takwas, sai bana na fito da shi. Zanen tayoyin yana nan raɗau kamar jiya aka saya.

Ranar Talatar makon jiya ina saukowa cikin yayyafi, a kwanar da ke bakin kwazazzabo, tayar baya ta kwashe. Na taka birki, babur ya ci gaba da sulalewa a karkace. Na rufe ido. Da na buɗe, ga ni tsaye, tsakanina da bakin ramin bai kai taku ɗaya ba. Hazo ya yaye, na hango kogi can ƙasa siriri kamar zare, tsuntsaye na shawagi a ƙarƙashin ƙafata. Ban yi kuka ba. Na daɗe ina kallo, ina jin kamar wani ne ya riƙo ni ta baya.

Mijina Efraín cewa ya yi, "Ke Yamile, baban naki faci ya iya, ba mu'ujiza ba! Gobe a cire su." Kwana biyu ban yi masa magana ba. Ni a ganina tayoyin nan ne suka tsayar da ni. Yaya zan yar da aikinsa na ƙarshe?

Malamar kan tsauni

'Yata,

Na karanta wasiƙarki sau biyu. Abin da ke haɗa babur da ƙasa bai fi tafin hannu biyu ba, a kansu rai yake tafiya. Ki gode wa Allah, kada kuma ki bar kowa ya raina abin da kika ji a wurin nan.

Amma Efraín, duk da bakinsa ba gishiri, yana da gaskiya. Kin tuna tayar da ta tsaya, kin manta ita ce ta fara kwashewa. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba. Takan bushe ta yi tauri, sai ta kasa kama jiƙaƙƙiyar hanya, zane kuwa yana nan yana ruɗin ido.

Ki duƙa ki duba gefen tayar. Akwai lambobi huɗu a jere, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Ki danna robar da farce, ki nemi ƙananan tsagu. Wadda ta haura shekara biyar sai da sa ido, taki kuwa ta wuce takwas, ga tsauni ga ruwa. Ki canza duka biyun, kada ki sake hawa kafin nan.

Mutumin da ya yi shekara talatin yana duba tayoyin mutane, da yana raye, shi zai fara yi miki faɗa. Ki je wurin abokan sana'arsa, ki faɗa musu 'yar wane ce ke, ki zauna ki ga yadda za su yi miki aikin. Sannan ki dama wa mijinki kofi, tsoro ne ya sa shi ɗaga murya.

Allah ya kai ki lafiya, ya sauko da ke lafiya, kowace rana.

Doña Nubia