Kunnen Ummi

Yaya Falmata,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ya jikinki, ya Alhaji da yara? Mu a Fagge da rai dai.

Autata Ummi ba ta ƙara ji ba tun da mai kemis a Sabon Gari ya zarce mata kima a allura. Ni farfesan da karatunsa ya tsaya a aji huɗu, na zuba babbar riga sai ofishin lauya. Wai in kawo takardar likita da kwalbar maganin. Wace takarda, Yaya? A bayan labule aka yi, kwalbar kuma tana kwata. Lauyan ya ce babu hujja, babu shari'a.

Yanzu ina barkwancina, ita bakina kawai take kallo.

Ku sa mu a addu'a, ki gaida kowa. In kin bugo waya, kada ki ce a ba ta. Karawa take a kunne, ta yi ta jira.

Ƙaninki,
Bukar