Tabarmar Inna a Logan

Logan, 3 ga Maris

Zuwa ga Yaya Fuatino,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mutanen tsibirinmu na Savai'i duka.

Bayan haka, Yaya, ruwa ya ƙare wa ɗan kada. 'Yarki Lupesina ta bar gida, yau kwana tara. Ashe sati uku tana fashin makaranta ban sani ba. Da na tambaye ta, ta dube ni ido cikin ido ta ce, "Au, yau kika tuna kina da 'ya?" Raina ya ɓaci, na ɗauko almakashi na datse mata gashin nan da ya kai ƙugu, yadda ake yi mana a gida. Ko hawaye ba ta yi ba. Washegari ta fice.

Tana wani gidan da ake ajiye matasa. Ma'aikaciyar wurin ta ce yarinyar ba ta son ganina, ta miƙo mini takarda, wai akwai taron iyaye duk Laraba a zauren unguwa. Ni in je in tona asirin gidana gaban baƙi? Ba na iya ci, ba na iya aiki. Ki ba ni shawara.

Ƙanwarki,
Toaiva

Savai'i, 20 ga Maris

Toaiva,

Ina amsawa, kowa lafiya. Wane asiri ya rage miki, sarkin girman kai? Kin manta ranar da Inna ta datse miki naki a gaban dangi? Ni na share gashin. Kika bar Samoa, ba ki sake taka ƙasar nan ba sai ranar da muka binne ta. Shekara goma sha takwas tana sauraron ƙarar mota. Haka kike so ki tsufa? Ki ɗaura zanenki ki tafi taron Larabar nan.

Allah ya kiyaye ki.

Yayarki,
Fuatino

Logan, 12 ga Afrilu

Yaya,

Ina gaishe ki. Wasiƙarki ta sa ni kuka.

Na je. Ina shiga, shugabarsu Mama Ofa, wata dattijuwa 'yar ƙasar Tonga, ta ce, "Ke ce ta almakashi? Ni da tsintsiya na kori nawa, ya yi shekara biyu a waje. Zauna ki sha shayi, nan duk jirgi ɗaya ya kwaso mu." Suna koya mana yin shiru in yaro yana magana. To wa zan yi wa shirun? Wasiƙa uku na aika wa Lupe, duka sun dawo ba a buɗe ba. Yanzu kuma ana batun kai ta wani gari. In ta tafi, na san shi ke nan, jinina ce.

Mama Ofa ta tambaye ni yadda ake neman gafara a wajenmu in baki ya kasa. Na ce ifoga: mai laifi ya zauna a ƙofar gidan wanda ya ɓata wa, ya lulluɓa da tabarmar da aka gada kaka da kakanni, ba ya tashi sai an yaye masa. Amma na ce wannan na manyan laifuka ne tsakanin dangi da dangi, uwa ba ta yi wa 'yarta. Ta ce, "Wa ya hana?"

Ma'aikaciyar ta yarda in yi ifoga a ƙofar gidan matasan, da sharaɗin in Lupe ta ce in tafi, in tafi. Don Allah, Yaya, ki aiko mini tabarmar Inna.

Ƙanwarki,
Toaiva

Logan, 6 ga Mayu

Yaya,

Gaisuwa. Tabarma ta iso, na gode.

Ranar da na je gidan matasan, tun fitowar rana nake ƙarƙashinta a kan ciyawa, matan Laraba su bakwai suna zaune a bayana. Rana ta take, ƙafafuna sun mutu, har na cire rai. Sai na ga takalman Lupe. Ta daɗe a tsaye kafin ta yaye. Ta ce, "Mama, tashi, kina ba ni kunya."

Ba ta dawo gida ba tukuna. Ta dai ce ba za ta je wancan garin ba, kuma za ta zo cin abinci ran Lahadi. Kafin ta koma ciki ta cire hularta, ta kama hannuna ta ɗora a kanta.

Gashin ya fara tohowa, Yaya.

Taki har kullum,
Toaiva