Ranar Da Na Kori Abokanka Da Shebur

Zuwa ga maigidana, Abban Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan Allah ya yalwata maka makwanci, ya sa kana cikin ni'ima. Ni da Ummi muna nan lafiya a Silver Spring, nan Amurka, a gidan da ka bar mu. Na san abokanka za su karanta wannan wasiƙar. To su karanta, da ma rabin maganar da su nake.

Labarin amininka Alhaji Bala na zo ba ka. Tun ranar da ka rasu ban sake yi masa magana ba. Ya zo ta'aziyya na juya masa baya. Ya aiko matarsa, ya aiko liman, ya zo da kansa ya tsaya a bakin ƙofa yana roƙon in yafe masa, na turo ƙofar na murza makulli. Ka san halina, in na ƙi abu na ƙi shi ke nan. Mutumin da ƙafarsa ta taka totur ɗin da ya raba ni da mijina, da wane bakin zan amsa masa sallama?

Ban san iya abin da ka gani a ranar ba, amma ni na ga komai. Suna muka je a Fort Washington, dusar ƙanƙara na zuba tun safe. Ka fita raka wani baƙo, motarsa ta sulale ta faɗa ramin gefen titi. Nan da nan maza suka firfito, manyan riguna a kan rigunan sanyi, kowa na ba da shawara. A wurinmu ai abin kunya ne a ga ɗan'uwa cikin wahala kai kana gefe hannu a aljihu. Shi ya sa kuka yi cincirindo a jikin motar, kowa na son a ga hannunsa a ciki.

Alhaji Bala ya kawo a-kori-kurarsa, ya jawo sarƙa. Kuka ɗaura bakinta ɗaya a motar baƙon, ɗaya bakin kuka rataya a dunƙulen ƙarfen nan na bayan a-kori-kura, wanda ake maƙala tirela a jikinsa. Kai ka tsaya a tsakiya kana ba da umarni, don kai ne ɗan direban babbar mota, kai ka taso kana ganin yadda ake ciro mota daga taɓo a hanyar garinku da damina. Kullum kana cewa, "Mota ba ta fita da lallashi, sai an fizge ta." Ka sa Alhaji Bala ya ja da baya har sarƙar ta kwanta a ƙasa, sannan ka ɗaga hannu ka sauke, ya ba ta wuta.

Na ji ƙara kamar an harba bindiga. Dunƙulen ƙarfen ya guntule daga gindinsa ya taso, ya same ka a gefen kai. Hularka ta yi sama, kai ka yi ƙasa. Sarƙar ta wuce ta tarwatsa gilashin motar baƙon, ta karya hannun wani da ke turi. Ina tsaye a baranda da farantin masa a hannuna, ban san lokacin da na iso inda kake ba takalmi ba. Na danne wurin da mayafina ina jin ƙashi na motsi a ƙarƙashin yatsuna, jininka na huda ƙanƙarar yana tururi. Shi kuwa Alhaji Bala bai ma san abin da ya faru ba, ya leƙo ta taga da fara'arsa yana tambaya ko ta fito. Kafin motar asibiti ta iso ka cika.

A zaman makoki kowa ya shigo sai ya ce min kwana ne ya ƙare. Na yarda, wallahi na yarda da ƙaddara, ba wanda ya isa ya wuce ranarsa. Amma duk wanda ya faɗa, sai in ji kamar in shaƙe shi. Har kai ma na ji haushinka, Abban Ummi, gara in faɗa maka. Ƙanƙarar Amurka ba taɓon garinku ba ce, ga shi kuma ba wanda ya isa ya gaya maka ka matsa.

Da na fita takaba, abin da na fara yi shi ne zuwa shagon kayan mota. Mutane suka ɗauka na zare. Na tsaya gaban kayan jan mota ina ɗaukar kowanne ina auna nauyinsa a tafin hannuna, tambayata ɗaya ce, in wannan ya tashi zai fasa kan mutum? Sarƙa na ture ta. Igiya mai ƙugiyar ƙarfe a baki, na mayar da ita inda na ɗauko ta, ji nake kamar in jefa ta a wuta. Na zaɓi igiya mai kauri wadda take talewa in an ja ta, ba ƙarfe ko ɗaya a jikinta, ƙarfinta kuma ya ninka nauyin jif ɗinka. Na haɗa da maɗauri na saƙaƙƙen zare, wanda ko ya tsinke bai wuce ya mare ka ba. Na ɗauki gajeren shebur mai bakin ƙarfe, da allunan roba masu haƙora da ake cusawa ƙarƙashin taya, da buhun yashi. Na koyi inda ake ɗaura igiya a jikin mota da inda ba a yi. Na zuba komai a but na ci gaba da yawo da su, Ummi na yi min tsiya wai na zama bakanike.

Juma'ar da ta wuce muka fito daga masallaci a Annandale. An kwana ana zuba ƙanƙara, motar share titi ta tara ta tsibi-tsibi a bakin wurin fakin. Sai na hango cincirindon maza. Wata ƙaramar mota ce ta nutse a cikin tsibin har ciki. Baba Issaka, dattijon nan ɗan Kumasi, ya kawo motarsa, ya fito da igiya mai ƙugiya, ana ta laluben wani siririn ƙarfe a ƙarƙashin bamba ana maƙalawa. Maza sun kewaye ta, wasu na turi, wasu sun dafa igiyar.

Da na matsa sai na ga wanda ke riƙe da sitiyarin. Alhaji Bala ne. Ashe tuni ya rabu da a-kori-kurar, ya rame, gemunsa ya yi fari fat. Yana zaune igiyar ta miƙe saitin fuskarsa. Ya fi kowa a wurin sanin abin da ke iya faruwa, amma ya kasa buɗe baki. Wa zai dubi dattawan da suka bar harkarsu suka zo taimakonsa ya ce musu su bari?

Ba zan ɓoye maka ba, na tsaya ina kallo, wata zuciya na ce min ƙyale su, shi ma ya ɗanɗana. Na tsani mutumin nan, tsana irin wadda take hana barci. Ina nan tsaye sai Baba Issaka ya fara ja da baya, igiyar ta saki ta kwanta a ƙasa, wani ya shiga tsakiya ya ɗaga hannu.

Ban tuna buɗe but ba. Na dai ga shebur a hannuna, na zabga shi a bayan motar Baba Issaka, fitilar ta tarwatse, ya taka birki da salati. Na durƙusa na fincike ƙugiyar na yi jifa da ita. Sannan na juyo kan abokanka. Na wulwula shebur ina ihu, na rantse duk wanda ya sake matsowa sai na fasa masa kai da hannuna kafin ƙarfe ya riga ni. Wani dattijo ya ce in ji tsoron Allah, na ce masa tsoron Allah ne ya kawo ni. Ka ga manyan mutane na gudu suna santsi, huluna na faɗuwa, wani ya zame ya zauna daɓas a cikin ruwan ƙanƙara. Na kora su har bayan shinge, nesa da inda igiya za ta iya kaiwa, na ce duk mai son taimako ya sa hannu a aljihu ya tsaya nan. Da kana wurin da ka nutse don kunya, na sani.

Na koma na haƙe ƙanƙarar da ke gaban tayoyin da wadda ta tokare cikin motar, har gumi ya jiƙa min hijabi. Na watsa yashi, na cusa allunan. Da hannu na yi wa Alhaji Bala alama ya taka a hankali, tsoro ya sa ya danna da ƙarfi, tayar ta tofo allo ɗaya ya tashi ya daki shingen, daidai inda masu turi suke tsaye ɗazu. 

Na ɗauko zoben jan mota daga wajen safayar tayarsa, na murɗa shi a mazauninsa na gaban motar. Na ɗaura igiyata da maɗaurin zare, na ninke dardumar sallata na ɗora a tsakiyar igiyar don ta danne ta ƙasa in ta tsinke. Na shiga jif ɗinka na ja sannu har igiyar ta miƙe, na ƙara ɗan taɓa totur kaɗan. Motar ta biyo ni salin-alin.

Alhaji Bala ya buɗe ƙofa ya fito. Ya zube a gwiwa cikin caɓin ƙanƙara, ya ɗora hannu a ka yana kuka yana kiran sunanka, a gaban kowa. Na tsaya a kansa da shebur a hannu. Na buɗe baki ban san abin da zai fito ba, sai na ji na ce masa ya tashi, ƙasa da sanyi, kuma ya gaida min da mutanen gida.

Na kwance igiyata na shiga mota, a nan nawa kukan ya zo, har Ummi ta karɓi tuƙin. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne sauƙin da motar ta fita da shi. Ɗan haƙa ne, da ja a hankali, da kowa ya matsa gefe. Haba Abban Ummi, da ka lallashe ta.

Ina kewarka, ya mijina. Na huce da kai, kai ma ka yafe min masifata, wadda ka sha da wadda na yi wa abokanka.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa ciwon da ka ji ya zama kankarar zunubi. Allah ya raya mana Ummi, ya tsare duk ɗan'uwan da ke kan hanya a wannan sanyin. Shi kuma Alhaji Bala, Allah ya sanyaya masa zuciya, ya ba shi barci. Na yafe masa, ka zama shaida.

Taka har gobe kiyama,
Maman Ummi