'Yata Ta Mayar da Rayuwar Babana Wasan Kwaikwayo

Anti Rumasa'u, don Allah ki taimake ni, raina a jagule yake kuma na rasa wanda zan gaya wa.

Ni nas ce a garin Fort Washington a ƙasar waje, shekarata ashirin a nan. Mahaifinmu kofur ne, yana cikin sojojin da aka tura yaƙin Laberiya. Ya tafi da fara'arsa, ya dawo ko ƙarar ƙofa ba ya so. Wata rana tukunya ta suɓuce wa ƙanena Rilwanu, Baba ya zabura ya sharara masa marin da ya kashe masa kunne ɗaya. Rilwanu ya bar gida, ko jana'izar Baba bai zo ba.

'Yata Mubina tana karatun wasan kwaikwayo a jami'a. Wannan labarin da na ba ta da bakina ta kwashe ta rubuta, aka nuna a taron ƙungiyarmu ta 'yan ƙasarmu a Takoma Park. Ban san abin da ke ciki ba sai da na zauna, na ga wani saurayi cikin kaki yana kwaikwayon tafiyar Baba, har ɗingishinsa.

Wannan na daure. Abin da ya tayar mini da zuciya bayan an tashi ne. Likitoci da malaman jami'a, kowa da farantin dafa-duka a hannu, suka hau gardamar wai ko wasan ya kai a kira shi na ban-tausayi a ma'aunin masana. Wani farfesa, bakinsa duk maiƙo, ya ce bai kai ba, tunda jarumin wasan kofur ne kawai, bai taɓa gane laifinsa ba, kuma ciwon sukari ne ya kashe shi a kan gado. Mubina tana ta gyaɗa kai tana rubutawa. Yanzu wai za ta gyara ƙarshen, sojan ya kashe kansa don wasan ya cika sharaɗi. Wa'iyazu billahi!

Kuma Anti, ba gaskiya ba ne. Baba ya gane. Da na je Kaduna jinyarsa, ya riƙe hannuna ya ce in roƙar masa gafarar Rilwanu. Ban isar ba, don ina jin haushin ƙin zuwansa. Shekara goma sha ɗaya ke nan, ba wanda ya sani. In gaya wa Mubina ne, ko in hana ta wasan gaba ɗaya?

'Yar Kofur

'Yar Kofur, Allah ya ji ƙan Baba. Ƙyamar da kika ji tana kan hanya, domin ba a auna uban mutum a gabansa ana tauna nama.

Sai dai farfesan bai san da ke ba, tsohon ma'auni yake karantowa: babban mutum, aibi a halinsa, ganewa bayan lokaci ya ƙure. Ta wani gefen yana da hujja, tunda yaƙi ne ya karya mahaifinki, ba girman kai ba. Amma batun kofur bai burge ni ba. Uba a gidansa babba ne, idan ya faɗi kowa sai ya ji a jikinsa. Ganewar da ya ce babu kuwa, ke ce kika ɓoye ta.

Mubina ta yi kuskure da ba ta nemi izininki ba, amma abin da kika ba ta shi ta rubuta. Kada ki hana ta wasan. Ki zaunar da ita ki gaya mata ba ki yarda a ƙaga wa mamaci kisan kai ba, balle jama'a sun san ko wane ne.

Kafin wannan duka, saƙon nan na Rilwanu ne, amana ce a wuyanki. Ki kira shi cikin makon nan, kada ya tsinci maganar a bakin 'yan kallo. Zai iya yin fushi da ke, kuma yana da haƙƙi, ki haƙura ki saurara. Shi ne zai ce a sa wasiyyar a wasa ko a bar masa abinsa.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya haɗa kanku.

Anti Rumasa'u