Maganar da na yi a gaban Hadiza

Assalamu alaikum Yaya Binta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya gida, ya yara, ya ƙafar Malam? Mu nan Tungan Maje lafiya lau, sai dai da kunya nake rubuto miki wannan.

Ranar Lahadi da la'asar muna kallon wani wasan kwaikwayo a talabijin ni da Hadizarki, ta dawo daga asibitin da take aikin nas, ko kayan aiki ba ta cire ba. Aka nuno wata nas tana ɗauke allurar kashe zafi ta majinyata tana yi wa kanta. Na ce, “Tir! Irin waɗannan ɗauri ya kamace su. Ina iyayensu suke?”

Hadiza ta tashi ta shiga ɗaki. Can ta dawo ta zazzage jakarta a gabana, ƙananan kwalaben allura duk babu komai a ciki. Ta ce, “Anti, wata bakwai ke nan, tun ciwon bayan nan. Kullum ina so in faɗa miki, tsoro ke hana ni.”

Yaya, amana kika ba ni. Ina ganin tana ramewa, na ce wahalar aiki ce, ban taɓa zaunar da ita na tambaye ta ba.

Ta ɗauki hutu, mun fara ganin likita, ni nake raka ta. Ita ta ce in rubuto miki. In kin kira ta, don Allah ki sassauta murya, faɗan ki yi mini.

Ki sa mu a addu'a. A gaishe da Malam da su Inna.

Ƙanwarki,
Rabi