Rasuwar Injiniya Bunarjiyev, Jikan Masu Haƙa Rijiya

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Maginan Rijiya ta Ƙasar Daura ta samu labarin rasuwar ubanta kuma malaminta, Alhaji Injiniya Anwar Bunarjiyev, wanda Allah Ya yi wa cikawa ranar Talatar da ta gabata a gidansa da ke Daura.

Marigayin haifaffen ƙasar Bulgeriya ne. Aikin ruwa na ɗan lokaci ya kawo shi tun zamanin tsohuwar Jihar Kaduna, ya musulunta, ya yi aure, ya zama namu. Ya sha gaya mana cewa a ƙasarsu sana'ar kaka kan zama sunan zuri'a, kuma ma'anar sunansa ita ce ɗan mai haƙa rijiya, daga kalmar da suka aro wurin Turkawa. Kakan mahaifinsa, in ji shi, cikin dutse ya tono wa ƙauyensu ruwa lokacin da mayaƙa suka yi musu ƙawanya, gwaggonsa kuwa likita ce da ta ƙi barin garinsu ana tsakiyar annoba. Ba mu ga waɗannan bayin Allah ba, amma mun ga jikansu.

Mun gan shi a farin 1984, ranar da rijiya ta rufta da ɗan'uwanmu Malam Mati a wani ƙauye kusa da Zango, jama'a sun fid da rai har an fara salati. Marigayin ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka, ƙasa na ta zubowa a kansa, ya tono shi da hannu, ya kuma rantse ba zai fito ba sai an fara jawo Mati. Malam Mati, wanda yau yake da jikoki, shi ya haƙa wa marigayin kabari, bai yarda kowa ya karɓe shi ba.

Daga Sandamu har bakin iyaka, bai taɓa miƙa wa mutane rijiya ba sai ya fara shan ruwanta a gabansu.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga mai ɗakinsa Hajiya Barakatu, da 'yarsa Malama Murja, da danginsa na Bulgeriya, da ɗaukacin al'ummar masarautar Daura. Allah Ya ba su juriyar wannan babban rashi, Ya gafarta masa, Ya kai ladan kowane guga da mace ko makiyayi zai ja zuwa kabarinsa. Amin.

Alhaji Zakiyyu Hamma Sandamu
Kakakin Ƙungiya
Maris, 2004