Kada Ki Yage Shafin Nan, Siddiƙa

Daura, ranar Talata.

Zuwa ga Siddiƙa, sanyin idona, ruwan randata a tsakiyar bazara, wadda in aka ambaci sunanta a kasuwa nake manta abin da na zo saya. Amincin Allah ya tabbata a gare ki. Ina gaishe ki gaisuwar da ta fi ƙarfin takardar nan, ya ke gawon Baure, itacen da ke fid da ganye lokacin da daji ya bushe, ya kuma zubar lokacin da kowa ke taƙama da kore. Haka na same ki, haka na so ki, kuma wallahi ba zan zuba ido a sassabe ki don ki yi kama da sauran itatuwa ba.

Ɗazu ƙawarki Ikilima ta iske ni a asibitin dabbobi, hannuna cikin bakin wani ɗan maraƙi, ta isar da saƙonki. Wai gobe in an tashi makaranta kin sallami ɗalibanki, za ki je rumfar Malam Jafaru mai hayar littattafai, ki yage shafin da kika rubuta, ki sake wani na yabo, don Baffana Sha'aban ya huce ya jagoranci masu zuwa Baure neman aurenki ranar Juma'a. Ta ce har kuka kika yi. Ke, Siddiƙa? Ke da ban taɓa ganin kin sunkuyar da kai ba sai a gaban littafi? Kasa ƙarasa aikin na yi, na wanke hannu na zauna rubuta miki wannan. Kada ki je. In kuma kin je, ki ɗauko sabon littafi ki dawo abinki, amma kada ki taɓa shafin nan.

Kin manta inda na fara ganinki ne? Ai ba a ƙofar gida ba ne, ba a wurin biki ba. A bayan littafi na gan ki. Malam Jafaru ne ya gaji da masu ɓata masa gefen shafuka da biro, ya shiga manna farar takarda a cikin bangon baya na kowane littafi, ya ce duk mai magana ya yi ta can. Kafin a ce kwabo mutanen Daura sun mai da wurin dandali. Akwai wanda kowane littafi ya ɗauka sai ya rubuta Allah ya ƙara basira, har da littafin taswirar ƙasashe. Akwai mai sa hannu da Ɗan Dutsi, wanda ba ya da aiki sai Allah ya isa ga masu cire shafi. Akwai wata baiwar Allah da ta rubuta a bayan wani labarin soyayya cewa ba za ta taɓa yafe wa marubucin ba, tunda ya kashe direban nan ba da hakkinsa ba, su haɗu a gaban Allah. Wani kuma a bayan littafin girke-girke ya ce ya gwada na shafin tsakiya, ko kajin gidansu ba su ci ba. Duk suna ɓoye sunayensu, wannan 'Yar Lele, wancan Mai Nazari. Ke kaɗai ke rubuta sunanki cikakke, Siddiƙa Audi Baure, har da ja masa layi a ƙasa.

Na je ne neman babban littafin nan na cututtukan dabbobi, wanda ba mai ɗauka sai irina. Na buɗe baya ina zaton zan ga takarda fara fat, sai na tarar da rubutunki. Kin ce hotunan sun yi duhu har mutum ba ya bambance saniya da tulin kara, amma babin ciwon tarin awaki ya ceci akuyar innarki, don haka kin yafe wa mai hoton. Na yi dariya har Malam Jafaru ya leƙo yana tambayar ko lafiya. Na ari bironsa na rubuta a ƙasa cewa saniyar ma ba ta ji daɗin hoton ba. Da na dawo da littafin, na koma na duba, sai na ga kin amsa. Daga ranar nan ban sake zaɓar littafi da ganin bangon gaba ba, ta baya nake farawa.

Kuma mun yi faɗa, masoyiyata, mun sha shi! Kika ce ƙamus ɗin nan mai jan bango baƙo ne mai kunya, duk kalmar da mutum ya fi buƙata sai ya sunkuyar da kai. Na ce kina so littafi ɗaya ya ɗauki gari guda a ka. Kika ce littafin tarihin nan duk yaƙi ne da sarauta, sai ka ce a zamanin ba a daka ba a girki. Nan na mayar da littafin ban ƙara ko harafi ba, kika dawo kika rubuta cewa shiru ma amsa ce. Na yaba littafin wani matafiyi da ya zaga ƙasashe, kika ce mutumin ya ga duniya amma bai ga kowa ba sai kansa. Sai wancan labarin na mijin da ya yi shekaru a ƙetare bai aiko ko da gaisuwa ba. Na kare shi, na ce neman halal ne. Kika rubuta: “Mai wannan ra'ayi, Allah ya ba matarka haƙuri.” Na amsa cewa ba ni da ita tukuna. Mako ya zagayo ba ki ce komai ba, na rame a tsaye, har makiyayan da ke kawo mini shanu suka fara tambayar ko ni ma a yi mini allura.

Sai ranar da ruwa ya tsare mu a rumfar. Kina tuna ta? Hadari ya taso daga gabas da la'asar, Malam Jafaru na ta jan buhunan littattafai ciki, ni ina taya shi, sai ga wata ta shigo da gudu, ta ɓoye littafi a ƙarƙashin hijabi, ita ta jiƙe sharkaf amma littafin ko ɗigo bai taɓa shi ba. Kika miƙa, na ga labarin mijin nan ne. Malam Jafaru, tsohon nan mai neman magana, ya dube ki ya dube ni, ya ce to ga mai kare mijin nan a tsaye, sai ku ƙarasa da baki ku bar masa takardunsa su huta. Kika kalle ni tun daga hula har takalmi. Kika ce kin zaci na fi haka tsufa. Ruwa na dukan kwano, ba na jin rabin abin da kike faɗa, amma na san a ranar cewa in ba ke ba, to a bar ni da shanuna.

To yanzu wannan Siddiƙar ake so in karɓa an cire mata harshe? Da wane ido zan dube ki?

Bari in gaya miki yadda abin ya faru, don Ikilima rabi ta ji. Da maganarmu ta kai gida, aka tura Gwaggo Talatu bincike kamar yadda aka saba. Ta tambayi maƙwabtan yayarki da kike zaune a gidanta nan Daura, ta tambayi malaman makarantarku, ta aika Baure, ko'ina alheri aka faɗa. Sai wata ta ce abu ɗaya ne, yarinyar ba ta rabuwa da rumfar littattafai. Baffa ya ce wannan shi zai duba da kansa. Abin da ba ki sani ba, kuma ba mai sani sai mu 'yan gida, shi ne littafin nan mai koren bango Baffa ne ya rubuta shi, shekaru da yawa da suka wuce, da sunan alƙalami, lokacin yana koyarwa. Ya je bincikenki, amma zuciyar marubuci ta rinjaye shi, ya ce a miƙo masa nasa ya ga abin da mutane ke cewa. Ya tarar da yabo birjik, su Allah ya ƙara basira, su ba a taɓa yin irinsa ba. A ƙasa kuma ga naki: “Wannan wa'azi ne aka sa wa rigar labari. Mutanen cikinsa ba sa jin yunwa, ba sa fushi, ko tari ba sa yi sai da izinin marubuci. Na kai ƙarshe ne don ba a koya mini barin tuwo a kwano ba.” Ga suna cikakke, ga layi a ƙasa.

Ya dawo gida ya ce yarinyar da za ta yi wa dattijo haka ba ta da ta ido. Na ce ai ba ta san dattijo ba ne, littafi ta gani. Ya ce ai ya fi muni, tunda ke nan abin da ke ranta ta faɗa. Kin ji fa! Laifinki shi ne kin faɗi abin da ke ranki. Ya rantse ƙafarsa ba za ta taka Baure ba sai kin yage takardar a gaban Malam Jafaru kin rubuta wata.

Kada ki ɗauka abin bai dame ni ba. Ya dame ni, yana cin raina. Baffa ne ya ɗauke ni ranar da aka binne mahaifina, ban san wani uba ba sai shi. Shi ya riƙe hannuna na fara rubutu, shi ya fara saya mini littafi. Ba mugu ba ne, tsoho ne da ya zuba ransa a abu ɗaya, aka yi ta yabonsa har ya saba. Ina sonsa, kuma in ya ce in kwana a tsaye zan kwana. Amma biyayya daban, ƙarya daban. In kika fara shigowa gidanmu da ƙarya a hannu, da me za mu tare ta gaba? Gobe in na kawo miki atamfar da ba ta yi miki ba, ki ce ta yi, yaya zan yi in yarda? In kika ce kina sona, ta ina zan gane ba wani ne ya rantse sai kin faɗa ba? Duk Daura mutum ɗaya na sani wanda in ya ce abu ya yi kyau to ya yi, kuma ita nake nema da aure.

Ga abin da na yi, don kada ki ji a bakin wani. Na ɗauko littafin na sake karanta shi a tsanake, ina neman inda kika zalunce shi, don in na samu in zo in yi faɗa da ke kamar yadda muka saba. Wuri ɗaya na samu. Babin da yaron ya kora shanun ubansa kasuwar kan iyaka ya dawo da igiya kawai a hannu, wannan babin yana da rai, kuma kin yi kuskure da ba ki ambace shi ba. Sauran kuwa, gaskiyarki. Jiya na je rumfar na rubuta haka a ƙarƙashin naki, na sa sunana da na mahaifina, na ja layi. Don haka ko kin je gobe, ba shafinki ke kaɗai ba ne yanzu. In kika yaga, har da ni za ki yaga.

Daga can gida na wuce, na durƙusa na gaya wa Baffa da bakina. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya dai dube ni ya ce, “Har da kai, Mahdi?” Ya tashi ya shiga ciki. Yau da safe na gaishe shi bai amsa ba. Tunda nake bai taɓa yi mini haka ba, kuma ba zan ɓoye miki ba, na yi hawaye a hanyar zuwa aiki. Zan ci gaba da durƙusawa a ƙofarsa kowace safiya har ya gaji ya amsa, ko shekara nawa za a yi. Amma ba zan saye gaisuwarsa da mutuncinki ba.

Masu cewa kin cika tsiwa su yi ta faɗa. Gwaggo Talatu ta ce mace mai gyara wa marubuta zance, miji kuma sai yaya? Na ce mata ai shi nake nema, a gyara ni. Abokaina sun ce in lallaɓa ki, takarda ce kawai, a yaga a wuce wurin, in an ɗaura aure kowa ya manta. Su ba su san a kan takardar nan na same ki ba.

Na aika garin Kongolam wurin Kawu Yazid, ƙanen mahaifiyata, mai fataucin raguna. Ya ce shi bai taɓa karanta littafin kowa ba, don haka ba mai jin haushinsa, kuma zai zo. Na san ba haka aka saba ba. Na san dangin uba ke zuwa neman aure, na san mahaifinki zai duba bayan Kawu ya tambayi ina sauran. Ban san abin da zai yanke ba, kuma tsoron wannan ya hana ni cin abinci. Na roƙi Kawu kada ya ƙirƙiro ciwo ko tafiya, ya faɗi gaskiya yadda take: 'yarku ta karanta littafi ta ce bai yi mata ba, ɗanmu kuma ya ce bai ga laifinta ba.

Saboda haka ranar Juma'a, hasken idona, ba motoci za ki gani a ƙofar gidanku ba. Tsoho ɗaya za ki gani a kan babur, da ƙullin goro a bayansa. Kada ki ji kunya, kada ki shige ɗaki ki rufe fuska. Ki sa a shimfiɗa masa tabarma mafi kyau a gidan, ki aika masa da ruwa mai sanyi, don shi ke nan abin da ya rage mini, kuma duka na aiko miki.

Naki, ko an ba ni ke ranar Juma'a ko an ce in jira har furfura,

Mahdi.